Lambar gwajin gyaɗa ta yi sama: shin ita ke nuna tsananin abin da zai samu yaro?

Tambaya: Likita, a Ingila nake zaune. Ɗana shekararsa 5. Yana ɗan shekara 2 na ba shi kunun gyaɗa, ba a yi minti goma ba leɓɓansa suka kumbura, borin jini ya feso masa, ya yi amai sau ɗaya. Tun daga ranar ban sake ba shi ba. Kwanan nan aka yi masa gwaji, na fata ya ba da milimita 11, na jini ya ba da 48, wani kuma da aka rubuta Ara h 2 an ce shi ma ya yi sama. 'Yar maƙwabciyata lambarta 6 ce kacal, amma sai da aka kwantar da ita a asibiti. Shin lambar ɗana tana nufin idan ya sake ci zai iya rasa ransa? Ga shi za mu je Kano hutu, hankalina ya kasa kwanciya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi, ya kuma kiyaye. A'a, lambar ba ta faɗi haka ba. Abin da gwaje-gwajen nan uku suka haɗu suka tabbatar, idan aka ɗora su a kan labarin kunun da kika bayar, shi ne ɗanki yana da alajin gyaɗa da gaske, wato garkuwar jikinsa tana ɗaukar gyaɗa a matsayin abokiyar gaba, babu tababa. Amma yadda jikinsa zai yi ranar da ya sake ci, ko ƙaiƙayin baki ne kawai, ko abin da zai taɓa numfashi, wannan babu ɗaya daga cikinsu da ke iya faɗa. Tambayoyi biyu ne daban, kuma iyaye da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sukan cakuɗa su. Idan hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas kin san ruwa na tafe, amma baƙinsa bai gaya miki ko ruwan zai sauka lafiya ko zai zo da iskar da za ta yaye kwano ba. Haka lambar take.

Bari mu duba abin da ake aunawa, domin daga nan ne dalilin yake fitowa. Jikin yaro mai alaji yana ƙera wani sinadarin garkuwa da ake kira IgE, wanda ya gane furotin ɗin gyaɗa. Wannan IgE yana maƙale a jikin wasu ƙwayoyi da ke cikin fata, hanji da hanyoyin numfashi, cike suke da histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi, da 'yan'uwansa. Da gyaɗa ta iso ta haɗu da shi, sai ƙwayoyin su fashe su zubar da abin da ke cikinsu. Gwajin jini yana ƙirga yawan IgE ɗin da ke yawo a jini ne kawai. Bai ga yawan ƙwayoyin ba, bai ga saurin fashewarsu ba, bai ga halin da huhun yaron yake ciki ba, balle ya ga yawan gyaɗar da zai haɗiya wata rana a gidan biki.

Na fata kuwa kin gani da idonki. An ɗiga ruwan gyaɗa a cikin damtsen hannunsa, an ɗan tsikara da tsinke mai kaifi ba tare da jini ya fito ba, a gefe an ɗiga histamin da ruwan gishiri don a tabbatar fatar tana amsawa yadda ya kamata. Bayan minti 15 wurin ya tasa kamar cizon sauro, ma'aikaciya ta ɗora ɗan ma'auni ta auna faɗinsa. Daga milimita 3 ake cewa gwajin ya nuna. Binciken da aka yi a Melbourne ta Ostireliya da kuma a Ingila ya nuna cewa idan kumburin ya kai milimita 8, kusan 95 cikin 100 na irin waɗannan yara jikinsu zai amsa idan suka ci gyaɗa. A gwajin jini, daga 0.35 ake cewa ya nuna, kuma aikin Farfesa Hugh Sampson a Amurka ya sa aka ɗauki wajejen 15 a matsayin iyakar da kusan 95 cikin 100 za su amsa. Ki lura da kalmar: za su amsa. Cikin waɗannan 95 ɗin akwai wanda abinsa zai tsaya a ƙuraje uku a gefen baki, akwai wanda numfashinsa zai sarƙe. Lambar ta zuba su duka a kwando ɗaya. Shi ya sa 48 ta ɗanki da 6 ta 'yar maƙwabciyarki ba jarabawa ba ce da za a ce wannan ya fi wannan shiga haɗari sau takwas.

Shi kuma Ara h 2 ɗaya ne daga cikin furotin iri-iri da ke cikin ƙwayar gyaɗa. Sunan daga sunan gyaɗa na kimiyya aka ciro shi. Ara h 1, 2, 3 da 6 su ne masu taurin kai, wuta ba ta lalata su, ruwan ciki ma bai cika narkar da su ba, don haka suna isa jini da ƙarfinsu. Ara h 8 kuwa rarrauna ne, kuma yana kama da furotin ɗin garin furen wata bishiya da ta yawaita a arewacin Turai. Yaron da ke atishawar bazara saboda wannan bishiya sai gwajin gyaɗarsa ya nuna, alhali yana cin gyaɗa lafiya lau, ko kuma iyakarsa ɗan ƙaiƙayin baki. Wani bincike da aka buga a 2010 a kan yara 'yan shekara 8 a Manchester ya gano cewa kusan 12 cikin 100 gwajinsu ya nuna gyaɗa, amma cikin waɗannan ɗin, wajen ɗaya cikin biyar ne kawai masu alajin gaske, kuma Ara h 2 ne ya fi iya rarrabe su da sauran. A nan ƙarfinsa yake, wajen raba mai ciwo da marar ciwo. Ya kuma nuna cewa alajin ɗanki irin wanda zai iya game jiki ne, ba irin mai tsayawa a baki ba. Daga nan ya tsaya.

Akwai wani abu da nake son ki tafi da shi gida, domin 'yan'uwa za su ce a yi wa 'ya'yansu gwajin su ma. A 2013 an buga wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta sama da 1,600 a yankin Accra ta Ghana. Kashi 17.5 cikin 100 gwajin jininsu ya nuna gyaɗa, na fata ya nuna a kashi 2 kacal, waɗanda kuwa aka ce gyaɗa tana damunsu kashi 1.5 ne. Da aka bi diddigi sai aka ga abin yana da alaƙa da tsargiya, wato tsutsar nan ta ruwa mai sa fitsarin jini. Tsutsar tana ɗauke da wasu ƙwayoyin sukari masu kama da na tsirrai, jiki ya ƙera IgE dominta, na'ura ta karanta shi a matsayin na gyaɗa. Tsargiya kuwa ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu na bakin dam da fadamu. Don haka yaron da ke cin ƙuli-ƙuli kullum ba ya ko atishawa, bai kamata a yi masa wannan gwaji ba tun farko, kuma idan an yi ya nuna, takarda ba za ta hana shi abincin da jikinsa ya riga ya karɓa ba. Raina yana ɓaci idan na ga an hana yaro gyaɗa, ƙwai, wake da kifi a lokaci guda saboda wata doguwar takardar gwaji, yaro ya rame a banza. Hana shi ɗin ma yana iya jawo masa alajin da a da babu shi.

Mu dawo kan tsanani. Idan aka tara ɗaruruwan yara aka duba, za a ga masu manyan lambobi sun ɗan fi yawa cikin waɗanda abin ya yi wa tsanani. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa za ki ci karo da labarai a intanet masu cewa gwaji yana hasashen haɗari. Amma da an dawo kan yaro ɗaya tilo, sai lissafin ya watse, domin masu lamba 100 da suka yi borin jini kawai suna da yawa, masu lamba 2 da suka suma su ma akwai su. Saboda haka ne ƙungiyoyin likitocin alaji na Amurka, a ƙa'idar da suka fitar a 2020 kan gano alajin gyaɗa, suka ba da shawarar kada likita ya yi amfani da sakamakon gwajin fata, ko na jini, ko na Ara h 2 wajen yanke hukuncin tsananin abin da zai zo nan gaba. Farfesa Paul Turner na Landan da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan wannan batu a 2022, su ma matsayar da suka cimma ke nan.

To me ke yanke hukuncin? Galibinsa abubuwan da ke faruwa a ranar ne. Na farko yawan abin da ya ci, da irin abincin da gyaɗar ta ɓuya a ciki. Idan ta zo cikin abu mai maiƙo ko mai yaji, baki ba ya saurin ba da labari, sai yaro ya ci da yawa kafin ya ji ƙaiƙayin da zai sa ya tofar. Sai halin da jikin yake ciki. A wani bincike da aka jagoranta daga Cambridge aka buga a 2019, an ga motsa jiki da rashin barci kowannensu yana rage yawan gyaɗar da ke tayar da ciwon da kusan kashi 45 cikin 100. A kan manya aka yi shi, amma darasin a fili yake ga yaron da ya kwana a jirgi, ya sauka cikin zafi, ya shiga guje-guje da 'ya'yan ƙannenki. Zazzaɓi da mura su ma suna taimaka wa ciwon, haka magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen. Sannan asma. Ba ki faɗa mini ko yana da ita ba, kuma ita ce tambayar da ta fi lambar 48 muhimmanci a wurina. Yaron da asmarsa ba ta kwanta ba, yana tarin dare, yana yawan neman abin shaƙa, shi ne wanda nake kwana da tunaninsa, domin a yara alajin abinci ta hanyar numfashi ya fi yin kisa. Shekaru ma suna da tasiri: haɗarin ya fi yawa a samari da 'yan mata, lokacin da suka fara cin abinci a waje, suna jin kunyar tambaya, suna barin allurarsu ta gaggawa a gida.

Abin da ya same shi a baya ma ba ma'auni ba ne. Ana yawan cewa kowane karo sai ya fi na baya muni. Ba haka ba ne, yana iya zuwa da sauƙi, yana iya zuwa daidai, yana iya fin na baya. Haka kuma sauƙin na baya ba lamuni ba ne. Dakta Richard Pumphrey, wanda ya daɗe yana bin diddigin waɗanda alaji ya yi ajalinsu a Birtaniya, ya ruwaito a 2007 cewa fiye da rabin waɗanda abinci ya kashe, abin da ya taɓa samunsu kafin nan mai sauƙi ne. Abin da ya fi maimaituwa a irin waɗannan rahotanni, tun daga wanda Sampson ya buga a 1992 kan yara 13, shi ne jinkirin allurar adirenalin, wato allurar gaggawa da ake yi idan alaji ya yi tsanani.

Na san wannan magana tana da nauyi, don haka ga ɗaya gefen, kuma shi ma gaskiya ne. Wani nazari da aka buga a 2013 ya ƙiyasta cewa cikin mutum miliyan ɗaya masu alajin abinci, waɗanda ke rasa ransu saboda shi a shekara ba su kai biyu ba. Haɗarin hanya ya fi wannan nesa ba kusa ba. Akasarin yaran da suka ci gyaɗa bisa kuskure abin yana tsayawa a fata da ciki. Ɗanki zai yi makaranta, zai yi wasa, zai yi tafiye-tafiye da yardar Allah.

Akwai sabon gwaji da ya fi waɗannan kusantar amsa tambayarki. Ana ɗibar jinin yaro, a zuba masa gyaɗa a cikin kwalba, a ga yadda wasu ƙwayoyin jini da ake kira basofil za su harzuƙa. Wato maimakon ƙirga IgE, ana kallon aikinsa. Farfesa Alexandra Santos ta Landan ta yi aiki sosai a kansa, kuma a sakamakon da suka buga a 2020 ya fi sauran gwaje-gwajen iya ware yaran da abin ya yi wa tsanani. Sai dai yaran da suka yi tsananin a binciken kaɗan ne, gwajin yana buƙatar sabon jini da na'ura ta musamman, kuma akwai wajen ɗaya cikin goma da ƙwayoyinsu ba sa amsawa a kwalba ko kaɗan. Ina sa rai da shi ƙwarai. Amma ko da an yi wa ɗanki ya nuna sauƙi, ba zan ce ki ajiye allura ba, tunda kwalba ba ta san ranar da zai tashi da mura ba.

Gwajin da ya fi kowanne tabbas shi ne a ba yaro gyaɗar ya ci a asibiti, gaban likita, da magani a shirye. Ana farawa da ɗan ƙanƙanin abu, kamar miligiram 3 na furotin, a jira minti 20 zuwa 30, a ƙara zuwa 10, 30, 100, a haka har a kai cin gaske. Ko wannan ɗin bai nuna iyakar tsanani ba, domin da alama ta farko ta bayyana ake tsayawa a ba da magani. Da labarin ɗanki da lambobinsa, ba na ganin yana buƙatarsa yanzu. Kada kuma a kuskura a gwada shi a gida. Inda lambobin za su yi miki amfani shi ne nan gaba: kusan yaro ɗaya cikin biyar yana rabuwa da alajin gyaɗa da girma, kuma idan ana maimaita gwajin ana ganin yana sauka shekara bayan shekara, shi ke sa likita ya ce lokacin gwadawa ya yi. Masu manyan lambobi irin nasa sun fi daɗewa da shi, gara ki san haka.

Yanzu batun Kano, kuma a nan ne hankalinki ya kamata ya fi karkata. A Ingila doka ta tilasta a rubuta gyaɗa a jikin kayan abinci. A gida kuwa babu takarda a jikin tsire, alhali garin ƙuli ne ginshiƙin yajin da mai nama ke barbaɗawa, kuma da hannu ɗaya da wuƙa ɗaya yake taɓa mai ƙuli da marar ƙuli. Kilishi da tunkuza ake jiƙa shi. Ga miyar taushe, ga fate, ga kwaɗon zogale da na rama, ga dakuwa, ga alawar gyaɗa da yara ke miƙa wa juna a zaure. Ƙuli-ƙuli ya fi ɗanyar gyaɗa tara furotin, tunda an matse man an bar shi. Man ma abin lura ne. A wani gwaji da aka yi a Ingila a 1997 kan mutum 60 masu alajin gyaɗa, babu wanda tataccen man kamfani ya taɓa, amma 6 sun amsa wa wanda ba a tace ba. Man gyaɗarmu na gida, wanda mata ke matsewa mai ƙamshin nan, wanda ba a tace ba ne, kuma da shi ake soya ƙosai, awara da dankali, a zuba a shinkafa da wake. Ki sa a ware masa tukunya da mai na daban, kuma ke ko wadda kika amince da ita ta riƙa zuba masa.

Za a ce miki a ba shi kaɗan-kaɗan ya saba, ko a ce tsirfar Turawa ce, mu da gyaɗa muka tashi. Masu faɗin haka ƙauna ce ta sa su, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, sai dai ba a kan ɗanki ba. Binciken LEAP da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, aka buga a 2015, ya bi jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, ya nuna cewa fara ba su gyaɗa tun suna wata 4 zuwa 11 ya rage kamuwa da kusan kashi 80 cikin 100. Wannan rigakafi ne ga wanda bai kamu ba. Wanda ya riga ya kamu, sabar da jikinsa aiki ne na asibiti da awo na miligiram, ba na cokali a tsakar gida ba. Ki zauna da kakanninsa tun ranar da kuka sauka, cikin ladabi, ki nuna musu hoton fuskarsa ranar da ta kumbura idan kina da shi. Shi ma ki koya masa ya riƙa cewa sai na tambayi Mama.

Ki tafi da alƙalamin adirenalin, wato allurar da aka ƙera kamar biro don a soka nan take, guda biyu, irin su EpiPen ko Jext, kada ki sa ran samunsu a kemis a can. Su kasance cikin jakar hannunki a jirgi, ba a bar su cikin mota a rana ba, ba a kuma sa su a firji ba. Mai shekarunsa yawanci na mikrogiram 150 ake rubuta wa, idan nauyinsa ya kai kilo 25 zuwa 30 a koma na 300. Idan abin ya tsaya a borin jini ko kumburin leɓe, yana wasa yana magana, maganin ƙaiƙayi irin cetirizine ya wadatar, ki zauna kusa da shi kina kallo. Amma idan kika ji muryarsa ta dishe, ko ya kama tari ba ƙaƙƙautawa, ko ƙirjinsa yana fito, ko yawu yana dalala ya kasa haɗiya, ko kika ga yaro mai ƙiriniya ya yi tsit, ya yi laushi, ya ɗashe, to ki soka masa a gefen cinya ta waje nan take, ko ta kan wando ne. Kada ki jira ƙuraje, wani lokaci ba sa fitowa sam. Maganin ƙaiƙayi irin Piriton ba ya buɗe maƙogwaro, kuma allurar hydrocortisone da ake saurin yi a wasu wurare ba ta maye gurbin adirenalin. Ki kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi ya yi wuya ya zauna a jingine, amma kada a miƙar da shi tsaye ko a sa shi ya taka zuwa mota, ɗaukarsa za a yi. Idan minti 5 suka wuce bai sassauta ba, ki yi ta biyun a ɗaya cinyar. Asibiti dole ne ko da ya warware, domin a wasu yaran abin yana dawowa bayan sa'o'i. Idan kina kokwanto tsakanin yi da bari, ki yi, illarta a yaro galibi ba ta wuce bugun zuciya da ɗan rawar jiki na 'yan mintoci ba.

Kafin ku tashi, ki koma wurin likitansa da buƙatu uku: a duba ƙirjinsa a tabbatar ko akwai asma, a ba ki rubutaccen tsarin abin yi da sunansa da nauyinsa a jiki wanda za ki iya miƙa wa kowane likita a Kano, a kuma ba ki alƙalamin koyo marar allura don ki nuna wa mahaifinsa da mutum biyu a gidan da za ku sauka yadda ake riƙe shi. Da kun isa, ki sa a kai ki ki ga asibiti mafi kusa mai sashen gaggawa na yara, ki san hanyarsa da rana da kuma dare. Idan kuma yana da ƙani ko ƙanwa a goye, ki gaya wa likitan a wannan zuwan, domin shi jaririn ba a son a jinkirta masa gyaɗa saboda yayansa, musamman idan yana da bushewar fata mai ƙaiƙayi, kuma likitan ne zai ce ko a fara a gida ko a fara duba shi tukuna.